Wa ya taɓa zana wani nasa da ya rasu ba tare da hoto ba?

Mai Gawayi, Zariya

Salamu alaikum jama'ar zane. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bayan ƙaramar salla, na ce bari in kawo shi nan, ko akwai wanda ya taɓa shiga irinsa.

Bana shekara 6 da rasuwar Innarmu. Hotonta ɗaya tak muke da shi, ɗan ƙarami na fasfo da aka ɗauka lokacin da za ta Makka, shi ma ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali. Duk wanda ya san ta ya san ba haka take ba. To ƙannena suka sa ni gaba, wai Yaya kai da ka yi shekara 4 a Samaru kana karatun zane, kana zana amare da 'yan siyasa ana biyanka, a ce ka kasa zana Inna? Na ce to. Na sayo kanbas, na ja shi a katako, na zauna.

Wallahi sau 9 ina farawa ina gogewa. In na rufe ido ina ganinta sarai, tana zaune bakin murhu tana yi wa wani faɗa. Da na ɗora gawayi sai fuskar ta watse. Billen kumatunta na sani, wushiryarta na sani, jan goro da fure a haƙoranta na sani, amma in na haɗa su sai wata mata ta fito wadda ban taɓa gani ba. Na uku da Gwaggo ya yi kama. Na bakwai kuwa maiɗakina ce ta leƙo ta ce, "Ai ni ka zana."

Ranar da na haƙura da fuskar, ina zaune haka nan ina wasa da gawayin a kan kwali, sai na ga hannu yana fitowa. Hannunta ne. Tabon ƙunar da ke bayan babban yatsa, zoben azurfar da ya lotsa ta gefe guda, lallen da ya koɗe ya rage a rabin farce. Ban yi tunanin ko ɗaya ba, su suka zo da kansu. Na maida shi kan kanbas da fentin mai, cikin kwana 3 na gama: hannaye biyu riƙe da rariya suna tankaɗe, bayansu jerenta na langa da tasa har kusa da rufi. Babu fuska. Autarmu da ta gani kuka ta fashe da shi, ƙanena kuwa ya ce na yi rabin aiki.

Shi ne nake tambaya, ku da kuka gwada, fuskar ta zo muku? Ko ni kaɗai ce ta guje wa?

Ɗan Zayyana, Kano

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ni ba na zana mai rai, don haka ban san wannan wahalar ta fuska ba, amma na san 'yar uwarta.

Malam mahaifinmu shi ke yi wa unguwarmu allon zayyana. In yaro zai yi sauka, a kawo sabon allo, ya goge shi da farar ƙasa, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, sannan ya ƙawata sauran wurin. Tawadarsa shi ke haɗa abarsa da ƙaro, alƙalaminsa na gamba shi ke feƙewa. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ruwan ɗorawa, yadda ake yi a rubutun Alƙur'ani na hannu. Ina yaro aikina bai wuce riƙe masa kurtu ba, kuma ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Bayan ya rasu muka tarar da allon saukata a bayan adudu, gara ta cinye kusurwa guda. Na ce zan kwafe shi a sabo kafin ya ƙarasa lalacewa. Na ɗauko kamfas da rula irin na 'yan boko, na auna komai, na zana. Ya fito tsaf, amma ba na Malam ba ne, kamar inji ya buga. Na yi ta dubawa har na lura da'irorinsa duk suna da 'yar lotsawa a wuri ɗaya. Ashe ba kamfas yake amfani da shi ba, bakin kofin shayinsa yake kifawa ya zagaye, kofin kuwa ya taɓa faɗuwa ya lanƙwashe. Na shiga wurin Hajiya na ce ko kofin Malam na nan? Ta ce ga shi can ana ɗibar gero da shi. Da na kifa shi a kan tsohon allon ya hau daidai, ko gashi ba zai shiga ba. Na daɗe zaune da kofin nan a hannu ban iya yin komai ba.

Almajirin Fensir

Ba don in ɓata hira ba, amma Mai Gawayi, ba ka ganin Allah ne ya tsare ka? An san abin da hadisai suka ce game da masu sawwara mai rai.

Mai Gawayi, Zariya

Na ji, Malam, kuma ban raina maganarka ba. Kawunmu ma haka ya ce. Wannan tattaunawa ce da muke yi da malamanmu tun muna ɗalibai, kowa da inda ya tsaya. Yau dai ba fatawa na zo nema ba, a bar mu da wannan zuwa wani zauren.

'Yar Birni, Damagaram

Ni ba mutum na rasa ba, gida na rasa, kuma zafin ɗaya ne.

Gidan kakanmu yana cikin Birni, ba nisa da fadar Sarki. Wanda ya taɓa ratsa lungunan nan ya san irin gidajen: ginin tubali, zanko a saman soro, fuskar zaure cike da zane wanda magini ya fitar da hannu tun yaɓen yana ɗanye. Namu akwai dagi babba bisa ƙofa, takobi a gefe, da wasu layuka masu nannaɗewa da muke bi da yatsa in an aike mu muna jan ƙafa. Wata damina mai ƙarfi bangon gaba ya zube. Baffanninmu suka haɗa kuɗi suka tayar da shi da bulo da siminti, suka sa ƙofar ƙarfe. Ban ga laifinsu ba, wa zai riƙa yaɓe duk shekara? Amma ko hoto ɗaya babu wanda ya ɗauka kafin nan.

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake zane a bayan kaye, littafin rubutu ke nan, mushe, malaminmu, yana dukana a kai. To na ce zan maido da zauren a takarda. Nan na gane ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce. Ni na rantse takobin yana dama. Yayata ta rantse yana hagu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ba takobi ba ne ma, alƙalami ne, don kakanmu malami ne ba bafade ba. Na yi mako biyu ina yawo da kaye gida gida, kowace tsohuwa na ba ta fensir, wasu ba su taɓa riƙe shi ba, sai su zana mini da yatsa a ƙasa in kwafa. Na tara zane 11 na ƙofa ɗaya, babu biyu da suka zo daidai.

Daga ƙarshe ban zaɓi ko ɗaya ba. Na ɗora su duka a kan juna a babbar takarda, na yi launin da jar ƙasar da na ɗebo daga bayan gidan na jiƙa da ƙaro, don fentin kanti ya ƙi ba ni kalar makuba. Takobi ya fito sau 3, ɗaya yana kama da alƙalami. Baffana babba ya duba ya ce, "Wannan ai hayaniya ce." Amma ya hana ni tafiya da shi Yamai, yana rataye a zauren simintin yanzu.

Mai Fentin Mota, Jos

Ku 'yan jami'a kuna da wahalar da kai. Ni a gareji na koyi aiki, bayan manyan motoci nake zanawa, zaki, dawisu, Ka'aba, duk abin da mai mota ya ce. Shekara kusan 20 ina yi kafin wani yarona ya ce, "Oga, me ya sa kowace mota sai ka sa bishiyar nan da 'yar hanya?" Na duba, wallahi gaskiya ne. Rimin bakin garinmu ne, inda Baba yake sauke ni daga keke ya ce in ƙarasa makaranta da ƙafa. Ban taɓa niyyar zana shi ba. Har wani mai mota ya taɓa rage mini kuɗi wai bai ce a sa masa itace ba. Yanzu haka rimin Baba yana hanyar Legas, yana hanyar Maiduguri. Fuskarsa kuwa ko da kuɗi ba zan gwada ba.

Uwar 'Yan Biyu, Kumasi

Mai Gawayi, ni na yi sa'a na zana Kakata tana da rai, amma saurari yadda ta ƙare.

Iyayenta fataken goro ne daga Kano suka zauna a zango, ita nan aka haife ta, amma har ta rasu in ta yi fushi da Kananci take zagi. Na ce Kaka zauna in zana ki. Ta ce, "Kar ki maishe ni gunki, ja'ira." Sai na koma ina satar ta. In ta juya baya tana jera goro a ganye tana yayyafa ruwa, ni ina daga ƙofa da biro da bayan tsohuwar kalanda. Duk zanena nata ta baya ne: ɗaurin kallabi ya karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar kaya, carbi a wuya. Na tara kusan 30. Na tabbata ta sani, don wani lokaci sai ta daɗe a zaune ba ta motsi ba dalili, sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Kin gama? Ƙafata ta yi tsami."

Na zuba su a kwali ƙarƙashin gado. Ruwa ya shigo ɗakin wata damina muna wurin biki, kwalin ya sha. Biron ya narke ya zama shuɗi, takardun suka manne. Guda 4 na ceto. Don Allah duk mai ajiyar zane a ƙasa ya ɗaga shi yau, ya ɗauka a waya kuma. Na gawayi kuwa a fesa masa abin riƙewa, in babu ko man feshin gashi yana ɗan taimakawa, sai dai yana sa takarda ta yi ja in an daɗe.

Tsohon Malamin Zane, Kaduna

Na karanta duka, kuma na ji daɗi. Ɗana Mai Gawayi, tunda a Zariya ka yi karatu, ai ka san labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, tun kafin makarantar ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962: su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo. Ana koya musu zane irin na Ingila, suka ce sai sun haɗa da na gida. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne ina suka samo na gidan. Okeke wurin mahaifiyarsa ya koma, ita ta san zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ibrahim El-Salahi na Sudan ya je London ya yi karatu, ya dawo ya baje zanensa mutanensa ba su kula ba, sai da ya koma ga harafin da ya tashi yana gani a allunan makarantar mahaifinsa a Omdurman. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ma a gida ta koyi ginin tukunya tun tana yarinya, tun kafin ta shiga wurin Michael Cardew, Bature maginin tukwane, a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954.

Game da fuska kuwa, shekaru na yi ina sa yara su zana iyayensu daga ka, kuma kusan kullum abu ɗaya ne. Baƙo kana kallonsa ne, kana auna hanci da tazarar ido. Uwarka ba ka taɓa auna ta ba. Mu nan ma wa yake tsura wa mahaifi ido? Kanka a ƙasa kake gaishe su. Abin da ka girma kana kallo shi ne hannun da ke miƙo maka kwano, da ƙafa, da bakin zane. Ƙanenka da ya ce rabin aiki, ka ba shi gawayin ya ƙarasa.

Almajirin Fensir

Baba Malam, wannan maganar ta sunkuyar da kai ta shige ni. Yanzu na gwada tuno fuskar mahaifina, yana raye ma, hularsa da gemunsa kawai nake gani.

Mai Gawayi, Zariya

Na gode ƙwarai, jama'a. Ɗan Zayyana, labarin kofin nan ya hana ni barci. Baba Malam, Allah ya ƙara girma, na isar wa ƙanena da saƙonka, ya ce shi lissafi ya karanta.

Jiya na ɗaure zanen a bayan babur na kai wa Gwaggo a Tudun Wada, don ita kaɗai ta rage a cikin iyayenmu mata. Na jingina shi da bango na koma gefe. Ta sa aka ɗauko mata tabarau, ta matso da kujera, ta yi shiru har na fara jin tsoro. Can ta miƙa yatsa ta taɓa tabon ƙunar, ta ce ranar sunana aka yi shi, garin sauke tukunya. Ban taɓa sani ba.

Sannan ta gyara zama ta fara. Zoben a dama yake, ba hagu ba. Inna ba ta riƙe rariya da yatsa huɗu, da uku take riƙewa, ƙaramin a ɗage. Langar nan mai furanni kore da na sa a saman jere kuwa ba ta Inna ba ce, tata ce, aro aka yi tun bikin Yaya Babba ba a mayar ba, kuma tana so a duba mata ita a cikin kayan da aka raba.

Langar na same ta wurin autarmu, ta ce ba za ta bayar ba. Zoben dai zan mayar da shi dama in fentin ya gama bushewa. Ƙaramin yatsan ne ban san yadda zan yi da shi ba, don in na ɗaga shi sai na sake hannun gaba ɗaya. Wa ya taɓa gyara fentin mai bayan ya kwana biyu, kankarewa ake yi ko ɗorawa?