Harin ta'addanci a garin da kake ƙauna: me ya sa yake hana barci ko kana nesa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, mutum yana nesa, bai rasa kowa ba, amma an kai hari garin da ya taɓa zama, sai barci ya ƙaurace masa, ya kasa ajiye waya. Ciwo ne wannan? Me za a yi masa?

Malam Na-Allah:
Wa'alaikumus salam Hajiya. A makonnin farko ba ciwo ba ne. Wanda ya san titin, ya san ƙofar tashar, zuciyarsa can take kai shi, jiki kuma ya amsa kamar yana wurin: faɗuwar gaba, zabura in an buga ƙofa, munanan mafarkai. Abin da ke rura wutar shi ne kallon bidiyo. Bayan harin gasar gudun fanfalaki ta Boston a 2013, bincike ya gano cewa masu bin labarin awa 6 ko fiye a kullum sun fi waɗanda abin ya faru a gabansu firgici. Sai mutumin ya riƙa duba labari sau biyu a rana, minti 15, a rubuce, ya kashe bidiyon da ke kunna kansa, ya ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya. In gaba ta faɗi, ya ja numfashi yana ƙirga 4, ya sake shi a hankali yana ƙirga 6, na minti biyar.

Anti Nas:
Kuskure biyu nake gani, 'yar'uwa. Na farko, tsare shi da ake yi sai ya zayyana abin da yake ji: tilas tana iya dagula lamarin, a zauna da shi kawai. Na biyu, sayen Valium, ƙwayar kwantar da hankali, don barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da ba da irin wannan magani kan firgicin watan farko ba, ga shi jiki yana sabawa da shi. In an wuce wata guda bai iya aiki ba, ko yana maganar kashe kansa, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Maganar kashe kai kam, ranar za a tafi, ba jira.

Baban Yara:
Akwai kuma jin laifi. A Nuwamba 2015 an kai hari Beirut ranar 12, mutum fiye da 40 suka mutu, washegari Faris, mutum 130. Da yawa sun zargi kansu don ɗaya ya fi girgiza su. Sanin wuri ne ya jawo hakan, ba rashin tausayi ba. Sai mutumin ya kira mutanensa na can ya ji muryarsu, kuma kada yara su ga hotunan a wayarsa, don ƙaramin yaro yana ɗauka duk maimaici sabon hari ne.