Michael Strank, haifaffen ƙasar waje a hoton tutar Iwo Jima

Sa'adatu:
Assalamu alaikum. Na ji an ce ɗaya daga cikin sojoji shida da ke kafa tutar Amurka a sanannen hoton nan na Yaƙin Duniya na Biyu da aka ɗauka a tsibirin Iwo Jima na Japan ba a Amurka aka haife shi ba, kuma lebura ne kafin ya shiga soja. Ina roƙon masu ilimin tarihi su fayyace mini ko wane ne shi, da kuma yadda ya mutu.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malama. Sunansa Saje Michael Strank. An haife shi ranar 10 ga Nuwamba 1919 a ƙauyen Jarabina, wanda a yau yake cikin ƙasar Sulobakiya. Mahaifinsa ne ya fara tafiya ci-rani, ya sami aikin haƙar kwal kusa da Johnstown a jihar Pensilbaniya, sai da ya tara kuɗin jirgi sannan ya aika wa iyalinsa su biyo shi. Michael ya gama sakandare a 1937, lokacin da karayar tattalin arziki ta hana matasa aikin yi, don haka ya shiga shirin gwamnatin Shugaba Roosevelt na ɗaukar samari aikin gandun daji, daga baya ya koma leburan hanya. A watan Oktoban 1939 ya shiga rundunar sojan kundumbala ta ruwa. Ya yaƙi sojojin Japan a tsibirin Bougainville, sannan ya sauka Iwo Jima ranar 19 ga Fabrairu 1945. Ranar 23 ga wata ɗan jarida Joe Rosenthal ya ɗauki hoton a kan dutsen Suribachi, ranar 1 ga Maris kuwa harsashin igwa ya kashe Strank, kuma an fi kyautata zaton daga jirgin ruwan Amurka aka harbo shi. Shekarunsa 25.

Garba Ilu:
Ni abin da yake sosa mini rai shi ne talauci ne ya kai shi. Ɗan mai haƙar kwal wanda ba shi da sana'a sai diga da shebur, ina zai nufa in ba bariki ba?

Malam Habibu:
Malam Garba, akwai gaskiya a maganarka, domin ya shiga soja fiye da shekara biyu kafin harin da Japan ta kai Pearl Harbor, wanda ya jefa Amurka cikin yaƙin, lokacin da kaki hanyar samun albashi ne. Amma ban yarda a tsaya nan ba. Wanda albashi kaɗai ya kawo shi ba ya shiga rundunar Raiders da ake turawa wurare mafi haɗari, kuma sojojin da ya jagoranta sun shaide shi da kula da ransu. Neman abinci ne ya buɗe masa ƙofa, abin da ya yi bayan ya shiga kuwa halinsa ne.

Hajiya Binta:
Ina so in ƙara batun takardunsa, domin shi ya fi tsaya mini a zuciya. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1935 ta dalilin mahaifinsa, amma ba a taɓa ba shi takardar shaida ba har ya mutu. An mayar da gawarsa maƙabartar sojoji ta Arlington a Amurka a 1949, aka ƙera siffarsa da tagulla a mutum-mutumin tunawa da rundunar sojan kundumbala ta ruwa, duk da haka sai a watan Yulin 2008 aka miƙa wa ƙanwarsa takardar, shekara 63 bayan rasuwarsa.