Fitar da bayanai daga manhaja zuwa Excel: abin da masu harkar suka yarda da shi

Da masu haɗa manhajar kwamfuta suka tattauna kan wannan batu, yawancinsu sun tafi a kan a rubuta fayil ɗin xlsx, wato nau'in fayil na Excel, kai tsaye da kayan aiki irin su openpyxl ko Apache POI, kada manhaja ta riƙa buɗe Excel a ɓoye tana cusa bayanai. Domin a wannan hanya ta biyu, idan kwamfutar ba ta da Excel, ko wani saƙo ya fito yana jiran a danna, aiki ya tsaya ke nan.

An fi jan magana a kan CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake raba bayanansa da waƙafi. Yana da sauƙi, amma Excel yakan yi masa karambani. Lambar waya mai farawa da 080 sai ta rasa sifilinta, haka lambar asusun banki. Lambar da ta wuce lambobi 15 kuwa, sauran sukan koma sifili. Maganinsa a ajiye su a matsayin rubutu. Sunan Ɗanladi ko Ƙanƙara ma yakan dagule idan ba a adana da tsarin haruffa na UTF-8 mai alamar BOM a farkon fayil ba, kuma wannan ya fi damuna, domin sunan mutum ne ke lalacewa. A Nijar, inda kwamfutoci da yawa ke kan tsarin Faransanci, Excel yana jiran waƙafi mai ruwa tsakanin bayanai, ba waƙafi ba.

Kwanan wata a rubuta shekara, wata, rana. Tsohon nau'in fayil na Excel, wato xls, layi 65,536 kawai yake ɗauka, xlsx kuwa 1,048,576. Bayan fitarwa, manhaja ta ƙirga layukan ta gwada da na asali.