An ce ina da ciwon suga nau'i na biyu, ga hawan jini, ga asma, ga gwiwa: ta ina zan fara?

Maman Ummi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka mini, kaina ya kulle.

Shekarata 54. Na daɗe ina shan maganin hawan jini, asma kuwa tun ina budurwa nake tare da ita, sannan gwiwata ta hagu ta sa ni gaba, hawa bene ma sai na riƙe ƙarfe. Kwanakin baya na je asibiti saboda yawan fitsarin dare da ƙishirwar da ba ta yankewa. Ni a zatona ƙwayar hawan jinin ce, tunda dama tana sa fitsari. Aka ɗebi jini, sakamako ya fito: HbA1c (gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku) 8.4, sugan safe kafin in ci komai 171. Likita ya ce ciwon suga ne nau'i na biyu, ya rubuta metformin 500, ya ce in rage zaƙi, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan wata uku. Mutane sun cika a waje suna jira, bakina ya yi nauyi, haka na fito ban tambayi komai ba.

Ga abin da nake sha yanzu: lisinopril da hydrochlorothiazide na hawan jini, abin shaƙa mai ruwan bula idan ƙirji ya riƙe, prednisolone idan asmar ta tashi sosai, diclofenac kusan kullum saboda gwiwa, sai metformin ɗin nan da ya hana cikina zama lafiya. Kumburin ciki, tashin zuciya, zawo.

Makon jiya asma ta tashi na sha prednisolone, da yamma na gwada suga na ga 260, gabana ya faɗi. Ban ci wani abin kirki ba ranar. Kuma motsa jikin da ake cewa, da wace gwiwar? Da wane numfashin? Goggona suga ne ya yi sanadin yanke mata ƙafa, tun da aka gaya mini sakamakon nan ita nake gani idan na rufe ido. Barci ya ƙaurace mini.

Anti Nas ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, don haka bari in gaya miki abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin bayaninki. Ba 8.4 ɗin ba ne. Wannan adadin ana ganinsa kullum kuma yana sauka, daga 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon, akasarin manya kuma ana so a sauko da su ƙasa da 7. Abin da ya tayar mini da hankali diclofenac ɗin da kike sha kullum ne.

Diclofenac da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Idan aka haɗa su da lisinopril da ƙwayar sa fitsari irin taki (hydrochlorothiazide), su ukun nan tare suna iya durƙusar da ƙoda, musamman ranar da ruwan jiki ya yi ƙasa, ke kuma ga shi kina zawo. Bayan haka suna ɗaga hawan jini, suna ƙwarzar ciki (balle an haɗa da prednisolone), wasu masu asma ma su ne ke tayar musu da ita. Suga da hawan jini dama kowannensu ƙoda yake nema. Kada ki jira wata ukun nan. Ki koma cikin makon nan ki nemi gwaji biyu: na jini da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, za ki ga an rubuta eGFR a takardar, da na fitsari da ke neman furotin ɗin da ake kira albumin. Adadin eGFR yana shafar metformin ɗin ma, domin idan ya sauka ƙasa da 45 ana rage shi, ƙasa da 30 kuma ba a ba da shi gaba ɗaya. Don gwiwar, ki tambayi likita batun paracetamol da man shafawa, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini.

Wancan 260 ɗin aikin prednisolone ne, ba laifin abincinki ba. Haka yake yi: a sha shi da safe, suga ya hau daga rana zuwa dare, da asuba ya ɗan sauko. Idan aka gama kwanakin shansa sai ya lafa. Amma kada tsoron suga ya sa ki ƙi shansa lokacin da ƙirji ya riƙe, numfashi ne a gaba, kuma wanda ya daɗe a kansa ba ya yanke shi rana ɗaya. Tambayar da zan so ki yi ita ce me ya sa asmar ke yawan kai ki ga prednisolone. Ban ga abin shaƙa na kullum, mai hana tashin ciwon, a lissafinki ba. Mai ruwan bular buɗe ƙirji kawai yake yi na ɗan lokaci. Idan aka daidaita asmar, sugan ma zai samu sauƙi. Allurar gwiwa da ake yi a cikin gaɓa ita ma dangin prednisolone ce, tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, duk wanda zai yi miki ita ki gaya masa.

Metformin kuwa, ki sha shi a tsakiyar cin abinci, ba da wofin ciki ba. Yawanci cikin yana sabawa cikin 'yan makonni. Idan bai saba ba akwai samfurin da ke narkewa a hankali, ya fi sauƙi ga ciki. Ranar da amai ko zawo ya yi tsanani har ba kya iya shan ruwa sosai, ana dakatar da metformin da lisinopril da ƙwayar fitsarin na ɗan lokaci. Ki sa likita ya rubuta miki wannan ƙa'idar da hannunsa.

Ranar komawa, ki kwashe duk magungunan gidan cikin jaka ɗaya, har wanda kika saya da kanki da wanda maƙwabciya ta ba ki, ki juye su a kan teburin likita. Mai duba ƙirji bai san abin da mai duba gwiwa ya rubuta ba. Ke kaɗai kika san duka.

Dattijo ya rubuta:

Sannu Hajiya. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, majinyaci ne ɗan uwanki. Na daɗe da suga, ga zuciya da aka sa mini ƙarfe a jijiyarta, ga baya. Ƙafafuna biyu suna nan, da su nake zuwa ko'ina.

Maganar goggonki nake so in taɓa. Ƙafa ba ta tafiya dare ɗaya. Jijiya ce ke mutuwa a hankali, mutum ya taka abu bai ji ba, ɗan rauni ya kwana ya wuni ba a gani ba har ya ruɓe. Ni kowane dare kafin in kwanta sai na duba tafin ƙafata da madubi, da tsakanin yatsu. Ba na tafiya ba takalmi ko a tsakar ɗaki, ina zura hannu cikin takalmi kafin in sa, ruwan wanka kuma da gwiwar hannu nake gwada zafinsa. Ɗan ƙurji ko tsagewa, washegari ina asibiti. Minti biyu ne aikin.

Kuma kada sabon ciwo ya sa ki yi sakaci da tsohon. Akwai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, UKPDS, da sakamakonsa ya fito a 1998, ya nuna cewa riƙe hawan jini da kyau ga mai suga yana rage shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ido da mutuwa sanadin ciwon. Ni likitana ƙasa da 130/80 yake nema mini. Mutane suna gwada suga safe da yamma, awon hawan jini kuma sai an tuna.

Abinci: ban daina cin komai ba sai abin sha mai zaƙi, shi kam na yi masa sallama, har ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Zuma ma suga ce, kada a ruɗe ki. Sauran kuwa rabo ne. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata shinkafa ko burodi ko makamancinsu. Na'urar gwajin ita ce malamata: in gwada kafin in ci, in sake bayan awa biyu. Ana so kafin ci ya kasance tsakanin 80 da 130, bayan ci ƙasa da 180. Da haka na gano farar shinkafa tana harba mini suga, amma idan na rage ta na ƙara wake sai lamba ta yi kyau. Wani kuma burodi ne dodonsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Motsa jiki minti 150 a mako ake cewa, amma ba wanda ya ce a yi shi a tashi ɗaya. Minti goma bayan kowane cin abinci, a hankali, a wuri mai laushi. Ranar da gwiwa ta ƙi, ki zauna a kujera ki miƙe ƙafa, ki riƙe, ki sauke. Naman cinya idan ya yi ƙarfi gwiwa tana samun hutu. Abin shaƙarki ya kasance a aljihu.

Rashin barcin nan, ni ma na yi shi a farko. Idan ya wuce makonni, ko kika ji komai ya fita ranki, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi ciwon gwiwa. Damuwa tana yawan rakiyar ciwon nan, kuma ana maganinta.

Ɗan Auta ya rubuta:

Allah ya ƙara sauƙi Mama. Ni dai na ji ana cewa akwai haɗin itatuwa da ke warkar da suga kwata-kwata cikin wata ɗaya, har da ciwon gwiwar. Wani abokin babana ya sha ya ajiye ƙwayoyinsa. Ko za ku gwada?

Anti Nas ta rubuta:

Ɗana, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma a'a. Mace mai shirin gwajin ƙoda ba ta shan abin da ba a san me ke cikinsa ba. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen na ciwon gaɓoɓi da dangin prednisolone a ɓoye a ciki: gwiwa ta yi sauƙi nan take, fuska ta kumbura, suga ya hau sama. Abokin babanka kuma a sa shi ya gwada HbA1c, domin ciwon nan yana iya yin shekaru yana ɓarna mutum yana jin garau.

Abin da aka tabbatar shi ne ciwon yana iya lafawa idan aka rage ƙiba sosai. Binciken DiRECT da aka yi a Sikotland da arewa maso gabashin Ingila, wanda aka buga a 2017, ya ɗauki masu ƙiba da ba su wuce shekara 6 da gano ciwon ba, aka sa su a tsarin abinci mai tsauri ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin 100 sugansu ya sauka ƙasa da mizanin ciwon ba tare da magani ba, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. A shekara ta biyu adadin farkon ya koma kashi 36, domin idan ƙibar ta dawo ciwon ma yana dawowa. Lafawa ce, ba rabuwa ba. Maman Ummi ba ta faɗi nauyinta ba, amma idan akwai ƙiba, ko kashi 5 cikin 100 na nauyin ta rage za ta ga bambanci a suga da hawan jini, gwiwar ma za ta gode.

Maman Ummi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na koma da jakar kamar yadda kika ce. Da likita ta ga kwalin diclofenac sai da ta ɗago kai ta dube ni, ta ware shi gefe guda. eGFR ya fito 66, fitsarin kuma akwai ɗan albumin, ta ce za a maimaita kafin a yanke hukunci, kuma lisinopril ɗin da nake sha yana kare ƙoda, kada in bar shi. An canza mini metformin zuwa mai narkewa a hankali, an ba ni abin shaƙa na safe da dare, an ce in riƙa kurkure baki bayan na shaƙa. Ta kuma kawo maganar ƙwayar rage kitsen jini. Baba Dattijo, na sayi madubin.

Saura tambaya ɗaya. Tun da sugan ya fara sauka ganina ya koma dishi-dishi, rubutun waya sai na nisantar da shi. In je a canza mini tabarau ne?

Anti Nas ta rubuta:

Madalla, 66 ba abin firgita ba ne, kin dai zo a kan gaɓa. Tabarau kuwa ki dakata tukuna. Idan suga yana hawa ko sauka da sauri, ruwan ɗan madubin da ke cikin idon kansa yana canzawa, gani ya rikice; tabaraun da aka auna miki yau ba lalle ya yi miki daidai nan da wata biyu ba. Ki bari lambobin su zauna na 'yan makonni. Wanda ba a jinkirtawa shi ne duban bayan ido, inda ake ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe a leƙa jijiyoyin ciki. Mai nau'i na biyu ana yi masa tun lokacin da aka gano ciwon, domin ba a san shekara nawa ya yi da shi a ɓoye ba, daga nan kuma akai-akai, galibi shekara-shekara. Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko kika ga baƙin ɗigo-ɗigo da yawa suna yawo, ko wani abu kamar labule ya rufe gefe, wannan a ranar ake zuwa asibiti. Ranar duban ki tafi da ɗan rakiya da baƙin gilashi, kuma kada ki tuƙa mota, maganin ɗigon yana ɗaukar awoyi kafin ya saki ido.