Wa ya taɓa zuwa tsibirin Barro Colorado na Panama?

Malamin Gandu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da ilimin gandun daji, kuma aiki zai kai ni birnin Panama a watan Maris. Ranar ƙarshe ba ni da abin yi. Tun ina ɗalibi nake cin karo da sunan Barro Colorado a takardun bincike, har na haddace shi kamar sunan ƙauyenmu. Ana barin baƙo ya shiga, ko sai mai bincike? Kuma ya kai in ba shi yini guda, ko dai in tafi Miraflores, ƙofofin mashigin ruwan Panama, in kalli jiragen ruwa kamar kowa?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Malam. Na je, kuma ana shiga, amma ba wurin da za ka faɗa kwatsam ba ne. Cibiyar bincike ta Smithsonian ta Amurka ce ke riƙe da shi tun 1946, sai ka nemi gurbi a shafinsu tun kana gida, don baƙi kaɗan suke ɗauka. Da sassafe za ka kasance a garin Gamboa da ke bakin mashigin, daga nan kwalekwalensu mai inji ya ɗauke ku tare da ma'aikata, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Bari in rage maka ɗoki: ba gidan namun daji ba ne. Mun yi wajen awa uku muna hawa da gangara a bayan ɗan jagora, abin da muka gani da ido bai taka kara ya karya ba. Birai masu gurnani, su kam tun kafin mu sauka muke jin su, na ɗauka zaki ne, aka yi mini dariya. Sai wata dabba kamar gafiya mai dogayen ƙafafu da suke kira aguti. Damisar dajin da ake faɗi tana nan, amma kyamarorin da aka ɗaure a jikin itatuwa ne ke ganinta, ba mu ba.

Abin da ya tsayar da ni tururuwa ce. Layi guda, kowacce ɗauke da guntun ganye a ka kamar 'yan talla. Ashe ba ci suke yi ba, taki ne suke kaiwa rami, su noma wani irin naman gwari a kai, shi ne abincinsu. Na tsuguna ina kallo har aka bar ni a baya.

Kai da kake malamin gandu, abin da zai burge ka daban ne. Ko'ina ka waiga za ka ga alamar aiki, lamba a jikin itace, ƙyalle a reshe, raga da aka kafa tana tarar 'ya'yan itace. A nan ne fili mai hekta 50 da masu bincike Stephen Hubbell da Robin Foster suka shata a 1980, inda duk itacen da kaurinsa ya kai santimita ɗaya sai an auna shi an ba shi lamba, sama da 200,000, kuma a sake bi duk bayan shekara biyar. Ni haƙurin masu wannan ƙidaya ya fi ba ni mamaki a kan dajin kansa. Af, za ka ga rimi ma, irin namu sak, sai dai saiwarsa ta fi mutum tsayi.

Maris rani ne a can, ba laka sosai, amma lokacin kaska ne. Dogon wando, ka cusa ƙafarsa cikin safa, ka naɗe da salatif. Ni na yi kwalliya na ƙi naɗewa, na yi sati biyu ina susa.

Injiniyan Jirgi:
Ni ban taɓa taka shi ba Hajiya, amma na wuce ta gefensa ba sau ɗaya ba a jirgin kwantena. Malam, ka san asalinsa ba tsibiri ba ne? Kan tudu ne. Da Amurkawa suka datse kogin Chagres don gina mashigin, ruwa ya cika kwari ya zama tafkin Gatun, tudun ya rage a tsakiya, kafin a buɗe mashigin a 1914. A 1923 aka keɓe shi don bincike. Tafkin yana sama da teku da mita 26, shi ya sa ake ɗaga mu a ƙofofin Gatun, inda ake cika ruwa jirgi ya hau sama, mu ratsa, a sauke mu a Pedro Miguel da Miraflores. Hanyar jirage ta bi ta jikin tsibirin, saboda haka kwalekwalen da zai kai ka zai gifta manyan jirage kusa da kusa. Ka ga kallon da za ka je yi Miraflores ka same shi a hanya.

Ɗan Birni:
To ni tambayata, daji da aka yanke da ruwa, jirage na wucewa dare da rana, har yanzu sunansa daji na asali? Kamar an auna kifin kwano an ce ga halin kifin kogi.

Malamin Gandu:
Ɗan Birni, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Su ma masu binciken ba su ɓoye ba. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 15 da ɗoriya ba, kuma tun da ruwa ya raba shi da sauran daji, jinsin tsuntsaye da dama sun ɓace daga cikinsa, musamman masu kiwo a ƙasa da ba sa iya tsallake ruwa. Masanin tsuntsaye Edwin Willis ya bi diddigin wannan shekara da shekaru. Darasin da nake koya wa ɗalibaina ke nan idan muna maganar gandun da gonaki suka zagaye.

Hajiya na gode, yau zan nemi gurbin. Abincin rana fa, in yi guzuri?

Maman Ilham:
Ana ci a ɗakin cin abincin masu binciken, yana cikin kuɗin ziyara. Ka gaya musu tun wajen rajista cewa ba ka cin alade. Ka riƙe gorar ruwa, kuma kada ka ce za ka yi alwala a bakin tafkin, akwai kada.