Taƙaitawa: Zargin Sayen Wasa a Gidajen Kallo

Ga abin da aka tattauna kan gardamar "an sayi alƙali" a gidajen kallon Samaru da Tudun Wada:

1. Kusan kowa ya yarda maguɗi na faruwa. A 2006 an mayar da Juventus ta Italiya rukuni na biyu, aka ƙwace mata kofi 2. Amma can an kama hirarrakin waya ne, mu nan zato kawai muke.
2. Kuɗin da Barcelona ta biya Negreira, tsohon mataimakin shugaban alƙalan wasan ƙwallon Sifaniya: wasu sun ce cin hanci ne, wasu sun ce a bar wa kotu.
3. Wanda ya zagi iyaye, mai gida ya fitar da shi nan take.
4. An rabu kan hana zancen gaba ɗaya. Manya na so, samari sun ƙi. Ni ina bayan samari, muddin mai zargi zai kawo hujja.