Shawarwari kan warkar da raunin da 'yan asalin Ostiraliya suka gada

Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970, hukumomin Ostiraliya sun riƙa raba yaran Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, da iyayensu da ƙarfin tsiya. Wanda ya tashi bai san ɗumin uwa ba, ya haihu bai san riƙon ɗa ba. Haka ciwon ke gangarowa har jikoki.

A wata tattaunawa kan yadda za a warkar da wannan rauni, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce komawa ƙasar kakanni: dattawa su kai matasa can, su koya musu harshe da tarihin wurin. Na gamsu da wannan ƙwarai, don ƙwayar magani kaɗai ba ta kwantar da hankalin wanda aka raba da asalinsa.

An nace jinya ta kasance a hannun al'umma, kamar cibiyar lafiyar Redfern da aka buɗe a Sidni a 1971. Mai neman danginsa ya nufi Link-Up, ƙungiyar da ke sada waɗanda aka raba da danginsu. A zauna da'ira, kowa ya faɗi nasa ba a katse shi.

Afuwar da Kevin Rudd, firaministan Ostiraliya na lokacin, ya nema a 2008 ta sanyaya zukata, amma har yau ana ɗauke yaran Aborijin daga gidajensu fiye da sauran yara. Masu tattaunawar suka ce a fara da tsayar da wannan.